Fiyanon Ɗan Fari

Tun da Hansai ta haifi Yusha'u ba ta taɓa kiran sunansa ba. Ɗan fari ne, ita kuma irin matan ƙauyen Karare ce na da, waɗanda suka riƙe kunyar ɗan fari kamar farilla. In za ta yi zancensa sai ta ce "wancan", in abinci za ta ba shi sai ta ajiye kwano a bakin ƙofa ta yi gyaran murya. Ana yaye shi kakarsa ta wajen uba ta ɗauke shi zuwa sashenta, danga ɗaya ce tsakaninsu. Haka ya girma, yana ganin uwarsa kullum, ita kuma tana kallonsa ta gefen ido. Mutane suka yi ta yabonta, wai Hansai akwai kara. Ba wanda ya taɓa tambayarta ko yabon yana mata daɗi.

Da zama ya gagara a ƙauye saboda 'yan bindiga, mijinta kuma ya riga ya rasu, Yusha'u ne ya kwaso ta ya kawo ta Batsari, ya kama musu gida mai ɗaki biyu a bayan wata makarantar firamare. Ƙanwarsa Ramatu tana aure a Safana. Shi sana'arsa kiɗan fiyano ce. Yana aiki a wani situdiyo a bakin kasuwa, inda ake haɗa waƙoƙin biki, a jera sunan amarya da na ƙawayenta, a yi wa ango kirari ko da bai taɓa tsinana komai ba. Hansai ba ta so sana'ar ba, ba ta kuma hana ba, don hanawa ma magana ce, ita kuwa ba ta doguwar magana da wancan. A gida yana da wani ƙaramin fiyano mai amfani da batir, wanda yake gwaji da shi. Duk ranar da ya kunna shi a ɗakinsa, sai ta tuna tana da saƙo a maƙwabta, ta ja mayafi ta fice. Shekara uku suna gida ɗaya, ba ta taɓa tsayawa ta ji abin da yake kaɗawa daga farko zuwa ƙarshe ba.

Wata Asabar ya je kiɗan biki, a hanyar dawowa 'yan bindiga suka tare motarsu. Washegari aka kawo gawarsa aka yi masa sutura. Hansai ta zauna a kan tabarma kwana bakwai tana karɓar gaisuwa, idonta a bushe. Ramatu ta yi kuka har muryarta ta dishe, mata suka riƙa nuna mata uwarta suna cewa ta dubi Inna mana, ta yi koyi da ita. Ni da an tambaye ni, da na ce a ƙyale mai kuka ta yi kukanta, a je a duba wadda ba ta yi ba. Amma ba a tambaye ni ba.

Bayan sadakar arba'in kowa ya kama gabansa. Ramatu ta yi ta roƙonta ta koma wurinta a Safana, ta ƙi, ta ce wa za ta bar wa masu sayen ƙuli-ƙulinta. Gaskiyar ita ce ba za ta iya barin ɗakin nan na biyu ba, wanda ta sa wa kwaɗo, kuma ba za ta iya shigarsa ba. Tana suyar ƙuli sai ta tsaya tana kallon bango har ya ƙone. Tana zuba man gyaɗa a kwalba rabi yana bin ƙasa. Tuwo ta daina yi, wa za a tuƙa wa? Sai ta jiƙa gari ta sha, wata rana ma ta manta. Kaɗaici ya cika gidan har ta fara jin haushin kajin maƙwabta, don su suna da abokan surutu.

Ramatu ta zo ta ja ta zuwa asibiti. Malamar asibitin ta auna jininta, ta dube ta, ta sake aunawa.

"Inna, jininki ya hau sosai. Kina samun barci?"

"Ana samu."

"Akwai abin da ke damunki?"

"Lahiya lau. Sai godiyar Allah."

Malamar ta ba ta magani, ta ce magani kaɗai ba zai yi ba, ta samu wanda za ta riƙa faɗa wa abin da ke ranta, ta kuma samu wani abu da hannunta da hankalinta za su riƙa yi tare. Hansai ta ce to. A ranta kuwa cewa ta yi, yaran zamani, wai in samu wanda zan faɗa wa. In ce masa me? In ce ina kewar wanda ban taɓa kiran sunansa ba?

Ɓeraye ne suka sa ta buɗe ɗakin. Ta ji suna sukuwa a ciki da rana tsaka, ta ce ba za su cinye masa tufafi tana zaune ba. Washegari da hantsi ta cire kwaɗon, ta shiga da tsintsiya. Fiyanon yana kan katifa, an rufe shi da tsohon zanen gado. Ta ɗaga shi za ta karkaɗe ƙarƙashinsa, babban yatsanta ya danne wani abu, wata 'yar fitila ja ta kama. Tana ƙoƙarin kashe ta, ta danna wani maɓalli rawaya da ke gefe.

Sai kiɗa ya tashi.

Kiɗa ne mai sanyi, ba ganga a cikinsa, ba irin na biki ba. Yana hawa a hankali, ya tsaya kamar mai jiran amsa, sannan ya sauko. Hansai ta saki tsintsiya. Ba wanda yake taɓa abin, amma yana yi. Ta san masu situdiyo suna ajiye murya a cikin na'ura, ta sha ji ana faɗa. To wa zai ajiye kiɗa a cikin fiyanon wancan in ba wancan ba? Ta zauna a bakin katifar, ta ji shi har ya ƙare. Ta sake danna rawayan. A karo na uku ne kukan ya zo mata, wanda ta riƙe wata uku, ta cusa bakin zane a baki don kada maƙwabta su ji.

Daga ranar ta sami wurin zuwa. Kullum bayan la'asar sai ta wanke hannunta da sabulu sau biyu, don kada maiƙon ƙuli ya taɓa masa kaya, ta shiga ɗakin, ta tura ƙyaure, ta rage sautin har sai ta sunkuyo take jinsa. Ramatu tana da waƙoƙin bikin da ya haɗa a wayarta, ta sha cewa a kunna mata, ta ƙi. Waɗancan na mutane ne, muryoyin wasu ne, kuma ta yaya za ta zauna a gaban ɗiyarta tana sauraron ɗan fari? Wannan kuwa nata ne ita kaɗai, ba mai kallonta.

Da farko saurare kawai take yi. Daga baya ta fara taɓa fararen madannan, waɗanda ita take kira haƙora. Ta gano cewa na hagu suna da babbar murya, na dama ƙarama. Sai ta riƙa neman inda kiɗan ya faro, da yatsa ɗaya, tana kuskure tana komawa. Ta ɗauki mako biyu kafin ta haɗa sauti biyar na farko. Ranar da ta haɗa su ta yi dariya ita kaɗai, ta ce, "Ashe nan ka bi." A tunaninta, duk haƙorin da ta danna daidai, ta taka inda yatsansa ya taka ne. Lokacin da take wannan neman, tunanin motar nan da aka tare ba ya samun wurin zama a kanta. Tana fitowa sai ta ji yunwa, ta hura wuta.

Bayan wata huɗu malamar asibiti ta auna ta, ta yi murmushi.

"Inna, ya sauka. Me kika canza?"

"Addu'a dai," in ji Hansai. Ba ƙarya ta yi ba, tana addu'ar. Sauran kuwa ba na faɗa ba ne, mace mai jikoki uku a ce tana kaɗa fiyano.

Sai damina ta yi ƙarfi. Wata Laraba tana kasuwa sayen gyaɗa, iska ta ɗaga kwano ɗaya a rufin ɗakin, ruwa ya zuba daidai kan katifar. Ta dawo ta tarar da zanen gadon sharkaf. Ta goge fiyanon, ta shanya shi a inuwa kwana biyu, ta sa sabon batir. Fitilar ba ta kama ba. Ta danna rawayan har yatsanta ya yi zafi. A wannan karon ta ji kamar an sake yi mata rasuwar, kuma laifin nata ne, ita da ta ga kwanon yana motsi tun bazara ba ta kira kafinta ba.

Ta san mutum ɗaya da zai iya. Armaya'u, mai gyaran rediyo da kayan sauti a Safana, abokin Yusha'u ne, shi yake gyara musu kayan situdiyo, ya kuma zo gaisuwa har sau biyu. Ta naɗe fiyanon a zanenta mafi kyau, ta ɗaure da igiya, ta shiga motar Safana da sassafe, ta ɗora shi a cinya ta ƙi yarda a sa shi a but. A wani shinge 'yan sintiri suka ce a kwance dogon ƙunshin nan a gani. Da haƙoran suka bayyana, duk motar ta kwashe da dariya, wani ya ce, "Hajiya, wane biki za a kaɗa?" Hansai ta ɗaure kayanta, kunya kamar ta nutse.

Shagon Armaya'u ɗan ƙarami ne, cike da matattun rediyoyi da lasifikoki. Yana ganinta ya miƙe, ya russuna.

"Inna, ke ce da kanki? Sannu da zuwa. An zo lahiya? Ya hanya? Ya ƙarin haƙuri?"

Ta ce, "Haƙuri da godiya. Ya iyali? Ya aiki?"

"Alhamdu lillahi. Ai da kin aiko na zo."

Ta kwance zanen. Ya gane kayan nan take, ya shafa gefensa.

"Ruwa ya sha," ta ce. "Ba abin kiɗan nike so ba, ka gane. Akwai abin da mai shi ya bari a ciki. Shi nike so kada shi ɓace."

Armaya'u ya ɗauka tana nufin wani abu da aka ɗauka aka adana, ya ce zai duba. Ya ba ta benci a inuwa, ya aika aka kawo mata fura, ya kwance bayan fiyanon. Ta zauna tana kallon cikinsa, wayoyi da wani koren faranti, tana mamakin inda kiɗan mutum zai iya maƙalewa a nan. Ya goge, ya busar, ya yi ta auna wurare da wasu tsinkaye biyu. Can ya ce bari ya kwatanta da wani. Ya jawo wani fiyano daga ƙarƙashin tebur, irinsa sak, na wani mawaƙin siyasa da aka kawo gyara. Ya kunna shi, ya danna maɓalli rawaya don ya ji ko lasifikarsa tana yi.

Kiɗan ya tashi. Yana hawa a hankali, ya tsaya, ya sauko.

Hansai ta miƙe tsaye, ƙwaryar fura ta kusa kifewa.

"Wa ya ba ka? Ya aka yi ya shiga cikin wanga?"

"Mi, Inna?"

"Kiɗan. Nashi ne."

Armaya'u ya yi dariya, dariyar mai sana'a da ya ji tambayar wanda bai san kan abu ba. Ba da mugunta ya yi ba, amma da ya ɗaga kai kafin ya buɗe baki, da ya fi.

"A'a, Inna, ai wanga da shi ake sayar da su. Tun daga kamfani suke saka shi, don mai saye shi ji sauti. Duk irin wannan fiyanon, ko a Kano ko a ina, in kin danna nan shi za ki ji. Marigayi ma haushinshi yake ji, cewa yake kiɗan 'yan kasuwa ne."

Sai a lokacin ya dubi fuskarta. Ya kashe fiyanon. Ana jin masu babura suna kiran fasinja a waje.

Hansai ta koma ta zauna. Wata biyar tana wanke hannu sau biyu, tana bin sawun wani mutum da ba ta sani ba, a wata ƙasa da ba ta san sunanta ba. Abin da ya fi ƙona mata rai ba kuskuren ba ne. Ta san dalilin kuskuren. Duk uwar da ta taɓa zama ta ji ɗanta yana kiɗa ko sau ɗaya, da ta gane ba hannunsa ba ne. Ita fita take yi.

"Ba komai," ta ce. "Ɗaure mani kayana."

"Inna, ki yi mani aikin gafara. Wallahi ban sani ba."

"Ba ka yi komai ba. Gaskiya ka faɗa."

Bai ɗaure ba. Ya sunkuyar da kai ya ci gaba da aiki, don bai san abin da zai yi da hannunsa ba. Ya canza wata 'yar waya, ya liƙe ta da dalma, ya mayar da murfin. Fitilar ja ta kama. Ya duba wurin da ake adana kiɗa, babu komai a ciki, ya faɗa mata hakan ma, murya ƙasa-ƙasa. Ta gyaɗa kai. Ta daɗe tana kallon titi, sannan ta yi tambayar ba tare da ta dube shi ba.

"To shi... in ba na biki ba, mi yake kaɗawa?"

Armaya'u ya yi ɗan tunani.

"Akwai wani guda. Duk sanda ya kawo gyara, in na gama, da shi yake gwadawa. Har na haddace shi don yawan ji. Ni ba makaɗi ba ne, amma bari in gani."

Ya sa yatsa ɗaya a tsakiyar haƙoran. Ya yi kuskure, ya koma. Sauti shida ne ko bakwai, suna tafiya suna dawowa, gaba da baya, gaba da baya. Ba shi da daɗin na kamfani ko kusa. Amma kafin ya kai ƙarshe kafaɗun Hansai sun fara bin sa da kansu, don tafiyar hannu ce a kan dutsen niƙa. Waƙarta ce. Ita ta ƙirƙire ta tana amarya a Karare, ba ta da wani kai, ba wanda ta taɓa koya wa: dutse, dutse, ci gero ka bar mani hannuna, rana ta yi ban ɗora tukunya ba.

"Na taɓa ce mashi shi saka ta a waƙar biki," in ji Armaya'u, "ya ce a'a, ba ta sayarwa ba ce, ta Innarshi ce. Ya ce ta bayan danga ya koye ta yana yaro. Wai in ya zagayo sashenki kina niƙa, kina ganinshi sai ki yi shiru. Shi ya sa ya daina zagayowa, sai shi zauna ta baya inda ba ki ganinshi, don ki ci gaba."

Hansai ta tuna dangar, ta tuna wani wuri a gindinta da kullum ƙasar take a share, ta ɗauka kaji ne suke birgima.

"Nuna mani," ta ce.

Ya nuna mata. Bai sha wahala ba, yatsanta ya riga ya san hanya, albarkacin mutumin kamfani. Sau huɗu ta bi shi, a na biyar ta yi ita kaɗai. Ya so ya kira Ramatu, ta ce ya bari, za ta zo musu wani makon ta kwana biyu, yau tana da abin yi a gida. Ya ɗaure mata fiyanon, ya raka ta tasha, ya sa ta a gidan gaba.

Ta iso Batsari ana kiran la'asar. Ta yi salla, ta wanke hannu. Ta shiga ɗakin, har ta kai hannu za ta tura ƙyaure, sai ta bar shi a buɗe, labule kawai ta saki. Ta zauna a bakin katifa, ta ɗora fiyanon a cinya. Maɓallin rawaya yana nan a gefe, ba ta taɓa shi ba. Ta murɗa sautin ya ɗan ɗaga.

Ta kaɗa layin farko, ta kaɗa na biyu. A zagaye na uku ta sa murya, muryar ta fito a shaƙe, ta tsufa, ba ta kai inda take kaiwa da ba. Ta yi ta maimaitawa. Inuwar katanga ta miƙe a tsakar gida, wata kaza ta leƙo ta koma. Sai ta ɗaga yatsanta, ta dubi labulen.

"Yusha'u," ta ce.

Sunan ya yi mata nauyi a baki, shekara talatin ba ta taɓa ɗaga shi ba. Ta sake faɗa, a fili yadda ko a bayan katanga za a ji.

"Yusha'u, zagayo. Ba zan yi shiru ba."

Labulen bai motsa ba. Ta jira kaɗan, ta share fuska da bayan hannu, ta mayar da yatsanta kan haƙorin farko, ta ɗauko waƙar daga sama.